Ranar da fom ɗinmu ya haɗiye darussa uku

Mu biyar ne a ƙungiyar kwamfuta ta makarantarmu a nan Rano, kuma a zangon da ya wuce muka ɗauko aikin da ya kusa ba mu kunya. Makaranta ta shirya darasin ƙari kowace Asabar ga 'yan ajin ƙarshe masu shirin rubuta JAMB. Kun dai san tsarin: darussa huɗu ake rubutawa, Turanci dole ne, sauran ukun kuma kwas ɗin da kake nema ne ke zaɓa maka. Sai muka ce wa Malam ai ba sai an raba takarda ba, mu za mu haɗa fom a intanet, kowa ya zaɓi nasa ta waya.

Da Django muka yi aikin, wato kayan gina shafukan intanet da harshen Python, waɗanda aka fara ƙirƙira a wani gidan jarida da ke garin Lawrence a Amurka, aka sake su ga kowa a 2005. Muka jera darussa, kowanne da ɗan akwati a gefensa: Turanci a sama, sai Lissafi, Fizis, Kimistiri, Bayoloji, har zuwa Gwamnati da Hausa. Muka gwada da danna akwati ɗaya, ya yi aiki, muka tafa. Babu wanda ya yi tunanin danna huɗu.

Asabar ta farko, wata 'yar ajinmu da ke zuwa daga Kibiya ta biya kuɗin mota ta iso da sassafe don ajin Kimistiri. Likitanci take so ta karanta a Jami'ar Bayero, kuma Kimistiri ne ke ba ta wahala. Aka duba jerin sunaye, babu nata. Hasali ma babu sunan kowa, don haka tun ranar Alhamis aka faɗa wa malamin darasin ba sai ya zo ba. Ajin Bayoloji kuwa ya cika maƙil. Abin da muka fara ce mata, muna jin nauyinsa har yau: «Ke ce ba ki danna daidai ba.» Ta ce, «Wallahi huɗu na danna, ina kallo.» Ta koma gida ba ta koyi komai ba.

Ranar Litinin Malam bai yi mana faɗa ba. Cewa ya yi mu buɗe mu ga abin da waya ke turawa idan an danna maɓallin aikawa. Ga shi ƙuru-ƙuru: darasi=Turanci&darasi=Fizis&darasi=Kimistiri&darasi=Bayoloji. Duka huɗun sun iso lafiya. Suna ɗaya ne, «darasi», amma ya zo sau huɗu, kowanne da amsarsa. Mu kuma mun rubuta request.POST.get, wanda amsa ɗaya tak yake miƙowa, kuma a Django ta ƙarshe yake ɗauka. Shi ya sa duk ɗan kimiyya mai son likitanci ya zama ɗan Bayoloji zalla, da yawa daga 'yan ajin adabi kuma suka zama 'yan Hausa zalla. Kamar ka aiki yaro kasuwar Rano da saƙo huɗu ne, ya dawo da na ƙarshe kawai. Sai dai a nan yaron ya kawo komai, mu ne muka karɓi ɗaya muka rufe ƙofa.

Gyaran kalma ɗaya ne: getlist a maimakon get. Wannan shi ke kwaso duk amsoshin a jere. Ga masu amfani da wasu kayan, ku lura kowanne da halinsa. Flask ta farko yake ba ka idan ka ce get, da mun yi da shi, da kowa ya zama ɗan Turanci. A PHP kuwa sai ka ƙara [] a ƙarshen sunan kafin ya tara maka su.

Mun ɗauka an gama, ashe da saura. Akwatin da ba a danna ba ba ya tura komai, ko «a'a» ba ya cewa, saboda haka wanda ya aika fom babu zaɓi ko ɗaya, shiru kawai za ka samu. Wani kuma ya danna shida. Dole muka sa shafin ya riƙa ƙirgawa bayan saƙo ya iso: huɗu ne daidai? Akwai Turanci a ciki? Daga baya muka gano Django na da MultipleChoiceField, wanda ke tara amsoshin da kansa, ya kuma ƙi karɓar darasin da ba ya cikin jeri. Ƙirgen huɗun ne kawai ya rage namu. Ɗaya daga cikinmu ya so mu koma ga dogon jerin nan da ake zaɓa a ciki, muka ƙi, don a kwamfuta sai ka riƙe Ctrl kafin ka zaɓi na biyu, in ba haka ba na farkon ya goge, kuma wa zai tsaya koya wa kowa wannan?

Abin da ya fi ciwo shi ne darussa ukun da muka zubar ba su dawowa, tunda ba mu adana su ko'ina ba. Sai da muka bi aji-aji muna ba da haƙuri, kowa ya sake cikewa. Wannan karon mun ƙara shafin da ke karanto maka zaɓinka kafin ka tabbatar.

Mutuniyar Kibiya muka fara kai wa. Ta danna, ta karanta da ƙarfi: Turanci, Fizis, Kimistiri, Bayoloji. Ta ƙirga su da yatsa, sannan ta tambaye mu wa zai biya ta kuɗin motar wancan makon. Mu biyar muka yi karo-karo.