Kafin a Buga Fosta

Shekara talatin da biyar na yi riƙe da alli a makarantun firamare na ƙasar Bagudo, daga Ka'oje har Illo, na kuma ga 'yan takara iri-iri suna shigo mana da jerin motoci, ƙura na bin bayansu. Yanzu in matasa suka same ni a zaure suka ce, "Baba, wa za mu yi?" ba na kiran sunan kowa. Tambaya nake mayar musu: kafin a buga fostarsa, wace sana'a yake yi, kuma kukan wa ya taɓa ɗauka?

A ƙungiyar malamai na koyo wannan tambayar. Akwai shekarar da albashinmu ya maƙale har mai shago ya rufe mana littafin bashi. Wanda ya bi mana kadi ba attajiri ba ne. Malami ne ɗan'uwanmu mai tsohon babur, yana bi makaranta makaranta yana rubuta sunayen waɗanda aka tsallake. Ya sha rana, ya sha zagi daga sama, ya sha daga gare mu ma, don mai jin yunwa ba ya tantance masoyi. Amma ya san sunan kowa, ya san wanda matarsa ke kwance. Allah ya ji ƙansa.

Ta irin wannan ƙofa Ƙauran Gwandu, Nasir Idris, ya fito. Malamin makaranta ne da ya shugabanci ƙungiyar malamai da ta ƙwadago a Jihar Kebbi, daga baya ya zama shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa baki ɗaya. A 2023 ya tsaya takarar gwamna a APC. Zaɓen Maris bai kammalu ba, sai a Afrilu aka ƙarasa, ya kayar da Janar Aminu Bande na PDP. Hanyar ba sabuwa ba ce. Malam Aminu Kano ma ya haɗa kan malaman Arewa a ƙungiya kafin ya ajiye koyarwa a Maru a 1950 ya rungumi NEPU. Ranar da aka rantsar da Ƙaura na ji daɗi har cikin raina, amma na gaya wa tsofaffin abokan aikina cewa wanda ya saba kai koke yanzu shi za a kai wa, kuma sauraron kuka ya fi rera shi wuya. Har gobe da wannan ma'aunin nake kallonsa.

Mu mutanen bakin iyaka muna da tamu jarabawar. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba aka hana kai mai gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka. Wanda ke Abuja takarda ya gani. Mu kuwa, tsakanin Lolo da Madekali, tsakanin Tsamiya da Segbana, dangi ne da surukai da kasuwa guda. Dendi da Hausa da Fulatanci ake ji a kowane ɓangare. Injin ban-ruwa ya yi shiru a fadama, kuɗin kwale-kwale ya tashi. Ba mu gama farfaɗowa ba ambaliyar 2020 ta zo ta shafe shinkafa a gaɓar Kwara.

A wannan tsakanin na buɗe ido sosai. Na ga malamar asibiti tana bin matan da ruwa ya kora da magani a jaka. Na ga shugaban 'yan kabu-kabu yana tara Naira ɗari-ɗari don a ciyar da iyalan da kasuwarsu ta mutu. Babu wanda ya yi maganar ƙuri'a a lokacin. Waɗannan nake so in ga sun sayi fom, sai dai kuɗin fom da na wakilan jam'iyya kan tsayar da su tun a bakin ƙofa, abin da ke ci mini rai ke nan.

Kwanan baya wani tsohon ɗalibina ya zo ya durƙusa, ya ce, "Malam, kansila nake so in nema, a sa mini albarka." Na tambaye shi rijiyoyin burtsatse nawa suka mutu a mazaɓarsa. Ya yi shiru. Na ce ya je ya ƙirgo, ya kuma gano wanda ke ɗebo wa tsofaffi ruwa a kowace unguwa. Bayan kwana tara ya dawo da littafi a hannu, ƙafarsa duk laka. Na sa aka shimfiɗa masa tabarma, muka fara daga shafin farko.