Mutumin da ya yi wa Mista Bean kiɗa

Da wuya a samu ɗaya daga cikinku, ƙannena, wanda bai san Mista Bean ba. Ko a talabijin ɗin gida, ko a wayar wani yaya, kun ga mutumin nan ya faɗo daga sama cikin haske, ya miƙe yana waige-waige kamar baƙon da aka sauke a tashar da ba tasa ba. To, waƙar da ke tashi a daidai wannan lokaci fa, wa ya tsara ta? Sunansa Howard Goodall, Baturen Ingila, kuma tun da na san labarinsa na daina tashi idan an fara jero sunaye a ƙarshen fim.

Ku sake sauraron waƙar da kyau. Muryoyin mawaƙan coci ne, a tsanake, cikin harshen Latin, kai ka ce wani babban sarki za a naɗa. Amma kalmomin ba su wuce shelar zuwan wani mutum ba, ana wasa da sunansa, wanda a Turanci yake nufin wake. Dabarar ke nan. Da mai kiɗan ya saka abu mai tsalle-tsalle don ya nuna mana cewa wasan dariya ne, da ya ɓata rawarsa. Sai ya ɗauki shashashan da muhimmanci, ya yi masa tarbar girma, dariyar ta fito daga tsakanin girman waƙar da shirmen mutumin. Ga shi kuma Mista Bean ba ya cika magana, don haka sauti ne ke ɗaukar rabin kayan. Shirin ya fara fita a 1990, kashi 15 kacal aka yi, amma har yau ana kallonsa a gidajenmu.

An haifi Goodall a 1958 a Bromley, kusa da Landan. Tun yana yaro yake rera waƙa a ƙungiyar mawaƙan New College da ke Oxford, daga baya ya karanci kiɗa a jami'ar garin. A nan ya haɗu da wasu ɗalibai biyu, Rowan Atkinson da Richard Curtis. Na farkon shi ya zama Mista Bean, na biyun ya zama marubucin wasanni. Wannan wurin ne ya fi tsaya mini a rai, domin a lokacin Goodall bai wuce shekaruna na yanzu ba. Ba wanda ya san su. Wasannin ɗalibai kawai suke haɗawa, ɗaya ya rubuta, ɗaya ya fito, ɗaya ya zauna gaban fiyano. Daga wannan abota aka samu Blackadder a 1983, sannan Mista Bean. Wani lokaci nakan dubi abokan ɗakina a makaranta, masu jayayya kan ƙwallo har tsakar dare, in ce ko a cikinmu ma akwai irin su.

Aikinsa na dandali bai zo masa da sauƙi haka ba. Yana ɗan shekara 26, a 1984, aka nuna wasansa na waƙe mai suna The Hired Man a Landan, wanda ya ɗauko daga littafin Melvyn Bragg. Labarin 'yan ƙodago ne, masu noman haya da masu haƙar kwal a arewacin Ingila. Wasan bai daɗe ba aka sauke shi, duk da ya ci lambar yabo ta Ivor Novello. A ganina wannan ya fi nuna ko shi wane ne: saurayi mai neman suna, amma ya zaɓi labarin talakawan ƙauye.

Bayan nan ya shiga koyarwa ta talabijin. A shirinsa Big Bangs na shekarar 2000 ya yi bayanin abubuwa biyar da suka sauya kiɗan Turai, ciki har da yadda wani malamin coci ɗan Italiya, Guido, ya daidaita hanyar rubuta sauti a kan layuka kusan shekara dubu da suka wuce. A 2007 kuma gwamnati ta naɗa shi jakadan waƙa, don yaran firamare su riƙa rera waƙa a makaranta.

Nan ne nake jin ɗan kishi. A sakandaren da na yi, akwai darasin kiɗa a jadawali, amma ban taɓa ganin malaminsa ba. Lokacin kwafar rubutun wani darasin ne. Akwai wani ɗan ajinmu da yake fitar da kiɗa mai ban mamaki da biro biyu da murfin tebur, duk abin da ya ji sau ɗaya sai ya maimaita shi daidai. Abin da ya samu a kai shi ne yankan ciyawa, saboda damun aji. Yanzu yana karanta akanta. Da muka haɗu a hutun da ya wuce, yana ba ni labarin wahalar jarrabawa, yatsunsa suna ta buga gefen benci, shi bai ma sani ba.