Albashi Baƙo Ne a Zango

A wannan wata muna so mu taɓo wata magana wadda kowa ya san tana nan amma ba a cika son ɗaga ta a majalisa ba, wato halin da magidanci yake shiga idan aka sallame shi daga aiki alhali yana da mata da ƙananan yara a ɗaki. Ba labarin ji muke kawo muku ba. Mu bakwai ne 'yan Zango a Ashaiman da muka karɓi takardar sallama rana ɗaya, a shekarar 2015, daga wata masana'anta a Tema. Babbanmu bai cika shekara 40 ba, babu wanda ɗansa na fari ya gama firamare, kuma biyu daga cikinmu matansu suna da goyo.

Wanda ya zauna a Ghana a wancan lokaci ya san dalili. Zamanin dumso ne. Tun a 2012 aka lalata bututun da ke kawo iskar gas daga Najeriya, ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, har ta kai a farkon 2015 unguwa takan yi awa 24 cikin duhu kafin ta sami wuta ta awa 12. Masana'anta kuwa ba ta tafiya da aci-bal-bal. Masu kamfani suka ga man janareta yana cinye riba, sai suka fara rage ma'aikata, mu kuma aka zo kanmu.

Abin da muka fahimta bayan shekarun nan shi ne, albashi baƙo ne a Zango. Kakanninmu da suka biyo hanyar Salaga zuwa Kumasi fataucin goro ya kawo su. In ka cire waɗanda suka shiga soja da ɗan sanda da gadi, sauran mahauta ne, da dillalan shanu, da maɗinka, da wanzamai, da malamai. Dukansu da rana suke lissafi: abin da aka samu yau, a ci wani, a ajiye wani. Sai da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema a 1962, masana'antu suka tashi, Ashaiman ta cika da leburori, sannan iyayenmu da yawa suka san daɗin jiran ƙarshen wata. Su ne kuma suka fara ɗanɗana ɗacin sallama, lokacin da gwamnatin Rawlings ta shiga shirin gyaran tattalin arziki a 1983, aka sallami dubban ma'aikata daga hukumar koko da ofisoshin gwamnati. Ashe abin da ya same mu ya taɓa samun na gaba da mu.

Shi albashi yana da wata ɗabi'a. Yakan koya wa gida lissafin wata-wata. Mai kanti ya ba ka shinkafa bashi saboda ya san ranar biya, mai gida ya yi maka haƙuri saboda ya san inda kake aiki. A haka gida yake cin watan gobe tun bai kama ba. Ran da aka yanke shi kuwa, sai magidanci ya ga kamar sama ta faɗo masa. Amma in ya waiwaya cikin ɗakinsa zai tarar da wadda ba ta taɓa barin lissafin rana ba. Matan Zango, daga mai koko da ƙosai zuwa mai shinkafa da wake, kullum sun san nawa suka zuba a tukunya da nawa ya dawo kafin azahar. Ilimin da ya cece mu ke nan, kuma a gida yake, ba a ofis ba.

Saboda haka abu na farko da muka yi shawara a kansa, tun a cikin trotro muna dawowa, shi ne kowa ya gaya wa uwar yaransa a daren nan. Ba abu ne mai sauƙi ba. Namiji yakan ji kamar in ya furta, girmansa ya zube. Mun san wani abokin aikinmu daga wata unguwa da ya kasa faɗa. Wata biyu yana saka kayan aiki da asuba, ya tafi tasha ya zauna har la'asar. Matar ba ta san komai ba, ta ci gaba da cefane yadda ta saba, har ta karɓi yayin biki biyu. Da kuɗin sallama suka ƙare gaskiya ta fito, rashin aikin bai ɓata mata rai ba kamar yadda ɓoyewar ta ɓata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu da muka faɗa da wuri, an yi kuka a wasu ɗakunan, ba mu musa ba. Amma matar ɗayanmu, bayan ta share hawaye, cewa ta yi, “Maigida, nawa suka ba ka? Kawo mu zauna mu ƙirga.” Daga wannan kalma gidan ya fara miƙewa.

Abu na biyu, kada a sa hannu a takarda cikin ruɗewa. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ce kamfanin da zai rage ma'aikata sai ya sanar da babban jami'in ƙwadago da ƙungiyar ma'aikata a rubuce, wata uku kafin ranar. Ta kuma ce wanda aka sallama ta wannan hanya yana da haƙƙin kuɗin sallama, amma ba ta yanke adadi ba, ta bar shi ga ciniki tsakanin kamfani da ma'aikata ko ƙungiyarsu. In an kasa daidaitawa, akwai Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa da ake kai ƙara. Wannan tanadi bai shafi ɗan aikin wucin gadi ba, ko wanda ke lokacin gwaji, ko wanda aka ɗauka na ƙayyadadden lokaci, kuma nan ne samarin Zango da yawa suke faɗawa. Mu mun tsaya bayan ƙungiya, mun nemi a karanta mana kowane layi. Mun kuma je ofishin SSNIT kowa ya karɓi takardar zubinsa, ya duba ko duk watannin da aka cire masa sun shiga. Ana bukatar zubin wata 180, wato shekara 15, kafin mutum ya cancanci fansho, don haka wata ɗaya ma ba abin yarwa ba ne.

Abu na uku shi ne kuɗin sallamar kansu. Yawancinmu ba mu taɓa riƙe kuɗi masu yawa haka a dunƙule ba, kuma irinsu suna da ruɗi. Mutum ya ga kamar ya yi arziki, alhali abin da aka ba shi guzuri ne na tafiyar da bai san tsawonta ba. Mu da matanmu mun jera bukatu bi da bi. Haya ce kan gaba. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin gaba fiye da na wata shida, amma kowa ya san masu gida shekara ɗaya ko biyu suke nema. Wanda wa'adinsa ya kusa, ya je ya biya tun kuɗin na hannu, domin yunwa a cikin ɗakinka ta fi sauƙi a kan yunwa a bakin titi da yara. Sai katin inshorar lafiya. Muna aiki ba a karɓar kuɗin shekara a hannunmu saboda muna zubi a SSNIT. Da aiki ya tsaya sai mutum ya biya da kansa. Mun sabunta na kowa da kowa a gida, domin zazzaɓin cizon sauro ba ya tambaya ko uban yaro yana aiki. Sai buhun masara da gero da gawayi. Abin da ya rage shi ne jari, kuma mun yi alkawari ba za a taɓa shi don cefane ba.

A daidai wannan lokaci ne masu daɗin baki suke fitowa. A shekarun nan kamfanonin ajiya sun cika gari, suna alkawarin ribar da babu wata sana'ar halal da ke kawo irinta. Mun san waɗanda suka kai kuɗin sallamarsu gaba ɗaya, suna cewa ribar wata-wata za ta maye gurbin albashi. A watan Mayu na 2019 Babban Bankin Ghana ya soke lasin ƙananan kamfanonin kuɗi 347 a rana ɗaya, wasu kuwa tun kafin nan suka rufe ƙofa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Akwai kuma masu zuga mutum ya kama hanyar Agadas zuwa Libiya. Ɗayanmu ya kwana uku yana juya wannan magana, har mahaifiyarsa ta ce masa, “In ka tafi, wa zai kai yaron nan asibiti da dare?” Bai tafi ba.

Sai maganar neman abin yi, inda girman kai yake kashe mutane. Wanda ya saba da rigar kamfani da takalmin aiki yakan ji nauyin a gan shi yana tura kaya. Muka ce da juna, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Ɗaya ya koma kasuwar shanu ta Tulaku wajen kawunsa, ya fara da riƙe igiya kafin ya koyi dillanci. Biyu suka haɗa jari suka sayi aboboya, suna ɗaukar kaya daga kasuwa. Ɗaya ya kafa teburin shayi da burodi a bakin tasha. Sauranmu muka zuba jarin a sana'ar matanmu, muka zama yaransu. Mun koyi tashi ƙarfe uku na dare, mu kai gero inji, mu hura wuta, mu ɗauki tukunyar koko zuwa bakin hanya kafin ma'aikata su fito. Ranar farko mun sunkuyar da kai don kada tsofaffin abokan aiki su gane mu. Bayan mako guda su ne manyan masu sayenmu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

A nan ne muka koma lissafin rana. Kowace yamma mai susu zai zo, a ba shi abin da aka yanke, ya sa alama a kati. Ƙarshen wata ya ɗauki zubin kwana ɗaya ladansa, ya dawo da saura. Wasu za su ce asara ce ka biya mutum don ya riƙe maka kuɗinka. Mu mun ga amfaninsa, domin kuɗin da ke ƙarƙashin katifa ba sa jin kunyar fita. Matan kuma suna da adashinsu, wanda kwasarsa ta sha fitar da mu kunya lokacin komawa makaranta.

Yara fa? Su ne suka fi ba mu tsoro. Ƙaramin yaro bai san sallama ba, amma ya san fuskar ubansa. Magidancin da ke zaune a gida babu aiki, ƙaramin abu yake sa shi tsawa, kuma yaro da uwarsa ne suke shan ta. Mun riƙa tunatar da juna wannan a majalisar shayi, inda muke haɗuwa bayan sallar isha'i. Wanda ya zo da zafi a zuciya ya sauke shi a nan, kada ya kai ɗaki. Mun cire yaranmu daga makarantun kuɗi muka mai da su na gwamnati, inda aka daina biyan kuɗin makaranta tun 2005. Mun gaya musu gaskiya daidai hankalinsu: Baba ya canza aiki, nama zai ragu, amma karatu ba zai tsaya ba, na boko da na allo.

Dangi ma sai da muka fuskance su. A Zango suna da aure da rasuwa ba sa ƙarewa, kowanne da yayinsa da gudummawarsa. Mun je wajen manya muka ce, ga halin da ake ciki, bana za mu zo da ƙafa, ba za mu zo da aljihu ba. Ai zumunta a ƙafa take. Wasu sun yi gunaguni, amma mafi yawa sun fahimta. Har wani dattijo da aka sallama a shekarun 1980 ya kira mu ya ba mu labarin yadda ya riƙe 'ya'ya shida da sayar da goro a faranti.

Yau uku daga cikinmu sun koma aikin albashi, huɗu ba su koma ba, kuma ba su nema ba. Waɗanda suka koma ba su rufe sana'ar gida ba. Sun ga amfanin haka a 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100 a watan Disamba, albashi ya narke a hannun masu shi, amma mai koko tana iya gyara farashinta gobe da safe. Ba mu ce albashi abin ƙi ba ne. Baƙo ne mai alheri, a karɓe shi hannu biyu. Sai dai mai hankali ba ya rushe murhunsa don baƙo ya zo da abinci.

Don haka, ɗan'uwa, in kana aiki yau, ka taimaki sana'ar matarka ta tsaya da ƙafarta, ka san abin da ke cikin takardar ɗaukarka, ka riƙa duba zubinka. In kuwa takardar sallama tana aljihunka yanzu kana karanta wannan shafi, ka tashi ka je gida ka faɗa. Ku kuma maƙwabta, in kun ga magidanci ya fara zama a ƙofar gida da hantsi, kada ku bi shi da ido. Ku yi masa sallama, ku sayi abin da matarsa take sayarwa, in kun ji labarin aiki ku kai masa. Allah ya rufa mana asiri, ya ba kowane uba abin da zai shiga da shi gida.