Yadda Muka Yi Wa Tirela Kunne

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Gobir aikin direban babbar mota bai tsaya ga ɗaukar kaya ba. Tun kafin wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, shi ne gidan wayarmu, shi ne kuma jaridarmu. Duk wanda ya tashi a Unguwar Lalle ko Gatawa ko Isa ya san yadda ake tare direba da asuba a ba shi sallahu. Wannan ta ce a gaya wa ɗiyarta da ke aure a Shinkafi cewa ƙanwarta ta sauka lafiya, wancan ya ce a tambayo masa kuɗin buhun albasa a Sakkwato. Su kansu direbobin suna da tasu maganar a kan hanya wadda ba ta bukatar baki. Walƙiyar fitila, ko hannun da aka fiddo ta taga aka kaɗa, ya ishi mai hankali ya san gaba ba lafiya. Da waya ta zo sai jama'a suka saki waɗannan al'adu, don kowa ya ɗauka ta zo zama ke nan.

A farkon watan Satumba na 2021 aka datse layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga. Kafin watan ya ƙare, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da irin wannan mataki a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. Aka rufe hanyar Marnona zuwa Isa, aka ce matafiya su bi ta Goronyo. Mai son magana da nasa sai ya nemi layin Nijar, ya matsa wajen iyaka, ya hau tudu yana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. A cikin watan Oktoba aka kai hari kasuwarmu ta Unguwar Lalle, bayan 'yan kwanaki aka kai na kasuwar Goronyo inda sama da mutum 40 suka rasu. A Disamba kuma aka ƙona matafiya cikin motarsu a wajen Gidan Bawa. A cikin wannan hali ne Yayanmu yake fita da tirela, ya yi kwana huɗu ko biyar, mu da ke gida ba mu san inda ya kwana ba.

Shi ne ya dawo wata rana daga Kano da wasu akwatuna uku ƙanana, kowanne bai fi littafi mai kauri ba, da makirfo mai igiya a nannaɗe. A kasuwar Ƙofar Ruwa ya tsince su cikin tarkacen da aka ciro daga kan tsofaffin motocin Amurka. Mutanenmu duk rediyon da ake magana da shi oba-oba suke ce masa, amma wannan iri sunansa CB, wato zangon da aka ware wa talakawa su yi magana da juna. A Amurka aka buɗe shi a 1958. Bai yi tashe ba sai bayan ƙarancin mai na 1973, lokacin da aka taƙaita gudun mota zuwa mil 55 a awa, direbobin manyan motoci suka riƙa gaya wa juna inda ake samun mai da inda 'yan sanda suka laɓe. Daga 1977 tashoshinsa suka zama 40. Ta 19 ita ce dandalin direbobi, ta 9 kuma an bar ta don neman agaji. Mu da muka tashi muna jin ana cewa a kama mu a kan mita 16 ko 19 ko 25, ba mu sha wuyar ganewa ba da aka ce mana wannan a kan mita 11 yake, wato megahaz 27.

Uku ya sayo domin oba-oba ɗaya takalmi ne ƙafa guda. Ɗaya ta motarsa ce, ɗaya ta abokin tafiyarsa, ta ukun kuma ta gida. To, amma fa kafin a taɓa ko da noti guda, tsohon mai gyaran rediyon garinmu, wanda duk muke kira Baba, ya kafa sharaɗi. Ya ce iska ma tana da mai ita, doka ta ɗora wa hukuma rabon zangunan magana, kuma a irin wannan lokaci duk wanda aka kama da oba-oba a ɓoye, ɗan leƙen asirin 'yan bindiga za a ɗauke shi. Don haka sai da Yaya ya bi ta hannun shugabannin direbobi, aka kai akwatunan gaban jami'an tsaro suka gani, aka rubuta lambar motocin, sannan Baba ya ɗauko jakar kayan aikinsa.

Mu ne 'yan miƙa sifana da riƙon fitila, saboda haka komai a kan idonmu aka yi. Abu na farko shi ne wuta. Motocin Amurka da aka ciro rediyon daga cikinsu bolt 12 suke amfani da shi, tirelar Yaya kuwa DAF ce ta Turai mai batir biyu, bolt 24. Da an jona kai tsaye, da hayaƙi ne zai zama maganarta ta farko da ta ƙarshe. Baba ya sa wani ƙaramin akwati mai rage ƙarfin wuta a tsakani, ya ɗaura fis kusa da batir, ya bi da wayoyin ta inda ba za su goga ƙarfe ba, nesa da zafin inji. Ita kanta rediyon ya ɗaure ta sama da gilashin gaba, inda hannun direba zai kai ba tare da ya ɗauke ido daga hanya ba. Wannan duk bai ci awa guda ba.

Eriya ce ta cinye yinin. Muna ganin sanda ce kawai da za a kafa a tafi, sai Baba ya ce, "Samari, ku dakanta. Wanga akwati baki na, eriya ita ta kunne da maƙogwaro. In kunka ɓata ta, kun sayi kurma da kuɗinku." Ya zana mana a ƙasa da tsinke. Tun da tsawon zangon mita 11 ne, eriyar da ta dace da shi ita ce mai rubu'in wannan tsawo, kimanin ƙafa 9. Sandar ƙafa 9 a kan tirela kuwa, reshen gawo na farko zai karya ta, in ma wayar lantarkin gari ba ta riga shi ba. Shi ya sa ake yin gajeru masu ƙafa 4 ko 5, a nannaɗe sauran tsawon a cikin wani ɗan kumburi a jikinsu. Ana samun sauƙin wucewa, ana kuma rasa ɗan nisa. Kowane zaɓi da kuɗinsa.

A kan mariƙin madubin gefen direba aka kafa ta, aka tabbatar fiye da rabinta ya ɗara rufin mota. Kafin a ɗaure, Baba ya sa mu kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari. Dalilinsa shi ne, sandar da muke gani rabin eriya ce kawai, ɗaya rabin kuwa jikin motar ne gaba ɗaya. Idan fenti ya raba su, ko ƙofar ba ta haɗu da sauran ƙarfen mota sosai ba, magana ba za ta fita ba. Don haka ya ƙara wata faffaɗar waya daga ƙofa zuwa jikin kan motar. Igiyar da ta taho daga eriya zuwa rediyo kuma, ya hana a matse ta a bakin ƙofa, ya hana a naɗe ragowarta kamar gammo, sai dai a shimfiɗa ta a sake a bayan kujera.

Da la'asar muka fitar da motar wani fako a bayan gari, inda babu itace babu gini. A nan ne ya fiddo abin da ya fi ji da shi, wani ɗan agogon awo mai allura da ake kira SWR, ya jona shi tsakanin rediyo da igiyar eriya. Aikin wannan agogo shi ne ya nuna yawan ƙarfin da eriya ta ƙi karɓa ya komo baya. Rediyon gaba ɗaya wat 4 take fitarwa, ƙasa da ƙwan fitilar ɗaki, saboda haka ba ta da abin zubarwa. Idan allura ta tsaya wajen 1.5 ko ƙasa, madalla. Idan ta haura 3, ƙarfin da ke komowa yana iya ƙona cikin rediyon. Haka kuma ya gargaɗe mu kada wanda ya kuskura ya matsa makirfo alhali eriya ba ta jone.

Ya sa aka rufe ƙofofi, ya kori karen mota da yaran da suka yi dafifi su ja da baya, don ko jikin mutum a kusa da sandar yana canza awon. Ya gwada a tasha ta 1, ya rubuta a bayan kwalin sigari. Ya gwada a ta 40, ya rubuta. Ta 40 ta fi hawa. Ya ce wannan alama ce eriya ta yi tsawo, da ta 1 ce ta fi hawa, da gajarta ta yi. Sai ɗayanmu ya hau, ya kwance ɗan sukurun da ke riƙe da bakin sandar, ya tura ta ciki gwargwadon ƙwayar wake, ya sauko, aka rufe ƙofa, aka sake awo. Muka yi wannan hawa da sauka har muka daina ƙirgawa, Yaya yana ta duban rana yana tsaki. Baba kuwa ko a jikinsa, abin da kawai yake faɗi shi ne sannu ba ta hana zuwa. Ana kiran magariba allura ta daidaita a gefen biyu, ta kwanta ƙasa a tsakiya. Ya naɗe kayansa ya ce a je a yi salla.

Ta gida a zaure muka ajiye ta, da tsohon batirin mota, da eriya a kan doguwar gora da aka ɗaure wa wayoyi a gindi su tsaya a madadin jikin mota. Washegari Yaya ya kama hanya, muka zauna muna saurare. Muryarsa ta fito tangaram, sannan ta fara shaƙewa, bayan 'yan kilomitoci ta nutse cikin shuuu. Iyakarta ke nan, domin wannan zango ba ya tsallake tudu da nisa yadda gajeren zangon BBC yake yi kullum. Abin mamaki kuma, wani lokaci da hantsi sai sararin sama ya buɗe, mu riƙa jin Turawa suna surutu cikin harsunan da ba mu sani ba, daga ƙetaren hamada da teku, alhali ɗan'uwanmu da ke bayan gari ba mu jin sa. Baba ya ce zafin rana ne ke taɓa wani rufi na iska can sama, magana ta buga ta faɗo wata duniya.

Amfaninta na gaskiya a tsakanin motocin biyu ya bayyana. Na gaba yana gaya wa na baya abin da ya gani, ramin da ya ɓace cikin ruwa, ko hanyar da ta yi shiru fiye da kima, babu mai keke babu mai jaki, wanda a wancan lokaci shi ne mafi munin alama. To, a nan kuma wani tsoron ya taso. Oba-oba ba ta da sirri. Duk mai irinta da ya kama tashar zai ji ka, kuma ba ka da hanyar sanin wa ke saurare a cikin daji. Magana zarar bunu ce. Saboda haka suka yi wa kansu doka, ba a faɗin sunan gari, ba a faɗin kaya, ba a faɗin lokacin tashi. Suka koma ga zaurance irin na mutanen da, inda tambayar lafiyar wata gwaggo da babu ita take nufin a tsaya, gaisuwar masu gida kuma take nufin a taho. Muka ga na'urar Amurka ta maido da mu ga hikimar kakanni, waɗanda suka yi fatauci a wannan ƙasa tun Alƙalawa tana birnin Gobir.

Akwai mutum ɗaya da ba ta taɓa riƙa makirfon nan ba, ita ce Inna. Yaya ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa, balle ta yi masa magana jama'a na ji. Amma duk ranar da ake sa ran dawowarsa, sai ta ga babu inda ya fi bakin zaure daɗin tsintar wake. Ta shimfiɗa tabarma ta ba rediyon baya. Idan shuuu ɗin ya tsage, muryar ta fito tana cewa a gai da masu gida, hannunta yakan tsaya cak a cikin faifai na ɗan lokaci. Sannan ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Ku ce ma wancan tuwo na hucewa."

Daga baya an maido da layukan waya, kowa ya koma ga salularsa, Baba kuma ya karɓi batirin zaure ya sa wa wani aikin. Ta cikin motar dai Yaya ya ƙi cirewa. Mun tambaye shi dalili, tun da ga waya a aljihu, ya ce waya tana da mai kashe ta daga ofis, wannan kuwa muddin batir na da rai tana da rai. Ba mu yi masa gardama ba, don mun ga ranar da aka kashe ɗin. Allah Ya kiyaye matafiya, Ya maido wa ƙasar Gobir da zaman lafiya, amin.