Akuyar Maƙwabciyata da Haƙƙin da Ban San Ina Ɗauke da Shi Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Ƴan'uwa da muke haɗa sahu da su safe da yamma, da iyayenmu mata da ke karanta wannan daga gida, ina neman ku ba ni aron hankalinku. Wani abu ne ya faru a ƙofar gidana, na daɗe ina jin nauyin faɗinsa. Daga baya na ga ɓoye shi ba zai amfani kowa ba, domin abin da na yi, gidaje da yawa a Madawa suna yin irinsa kullum.

Bara aka yi mini haihuwa, muka yi suna. Kamar yadda aka saba yanzu, aka ƙulla shinkafa da nama a baƙar leda, aka sayo ruwan leda da yawa, goro da dabino kuwa aka zuba su a wata shuɗiyar leda mai zane da na zaɓa da kaina don ta yi kyau. Jama'a suka ci, suka yi addu'a, suka watse. Washegari yara suka share gida, suka kai sharar bolar da ke bayan katangarmu, inda muka yi shekaru muna zubawa. Lungunmu ba ya ɓullewa. Gida huɗu ne a cikinsa, kuma nawa ya fi kowanne yawan jama'a.

A ƙarshen lungun akwai wata tsohuwa da mijinta ya rasu, tana riƙon jikoki uku marayu. Dukiyarta a duniya akuya ɗaya ce, ja, irin ta Maradi. Da nononta ake dama wa yaran hura, in ta haihu kuma a sayar da ɗan a yi musu kayan salla. Bayan sunan da kamar wata biyu akuyar ta fara ramewa. Cikinta a kumbure, amma ƙasusuwanta a waje. Ta daina tuƙa, nono ya ƙafe. An ba ta kanwa, an ba ta jiƙo, ba sauƙi. Ranar da ta kasa tashi aka kira mahauci ya yanka ta kafin ta zama mushe. Ina tsaye ya farke tumbin, ya ciro wani dunƙule da ya kusa girman ƙwaryar hura, leda ce zalla ta cukurkuɗe da guntayen igiya. A cikin dunƙulen na hangi shuɗiyar ledar nan mai zane.

Mahaucin bai yi mamaki ba, ya ce ya saba gani. Leda tana ɗauke da gishiri da maiƙon abincin da aka ƙulla a ciki, dabba ta lasa ta haɗiye. Ba ta narkewa, ba ta wucewa, sai ta yi ta taruwa har ta cinye wurin ciyawa. Dabbar ta mutu da yunwa alhali cikinta cike.

Bayan magariba na yi sallama gidan tsohuwar. Na ce, "Inna, ina ganin sharar gidana ce ta kashe miki akuya. Ki faɗi kuɗinta in biya."

Ta ce, "Haba ɗana, kwananta ne ya ƙare. Wa ya taɓa kai ƙarar bola? Ka rufa mini asiri, kada a ce na karɓi kuɗin maƙwabci a kan dabba."

Na dawo gida, barci ya ƙi zuwa. Da aka idar da asuba na tsaya wurin limaminmu na kwashe labarin na faɗa masa. Na ce, "Allah gafarta Malam, akwai ramuwa a kaina?" Ya yi shiru, sannan ya ce in dai gaban alƙali ne, da wuya a ɗora mini, tunda ba ni kaɗai ke zuba shara a wurin ba. Amma ya ce alƙalin duniya shi ke neman shaida. Ya tuna mini hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito, wanda ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Ya ce to wanda ke ajiye abin cutarwar a hanya kowace safiya fa, ina matsayinsa? Ya tuna mini matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa. Ya ce haƙƙi biyu ne a nan, na maƙwabciya da na dabba, kuma ba ɗaya daga cikinsu da salla da azumi ke gogewa in mutum ya sani ya ci gaba.

Sannan ya nuna mini mafita. Ya ce tunda ta ƙi kuɗi, in sayi akuya in ba ta aro ta riƙa tatsa. Larabawa suna kiran wannan maniha, kuma a cikin Sahihul Buhari akwai hadisin Abdullahi ɗan Amru da ya ambaci ɗabi'u arba'in na alheri, ya sa ba da aron akuyar tatsa a samansu. Maƙwabtanmu Fulani suna da irin wannan al'ada, habbanaye, inda mai karɓa ke riƙe ƴaƴan ya mayar da uwar. Haka na yi. Na ce mata, "Inna, ba ni da mai kiwo, ki taimake ni ki riƙe mini. Nono naku ne, abin da ta haifa na yaran nan ne." Ta dube ni ta yi murmushi, na san ta gane, amma ta karɓa.

Sai dai akuyar da na kai mata za ta yi kiwo a lungun da ya kashe ta farko. A nan na gane cewa gyaran na cikin gidana ne.

Abin ya ƙara yi mini ciwo da na tuna irin gidan da na fito. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, mutumin kwarin Majiya ne a ƙasar Buza. Bayan farin 1973 da 1974 iska ta riƙa kwashe ƙasar gonaki, tana binne shuka tun tana ƙarama. A 1975 ma'aikatan gandun daji tare da ƙungiyar CARE suka fara dasa dogon yaro a kwarin, layi biyu-biyu, tsakanin wannan jeri da wancan kamar mita 100, domin su tare iska. Manoma ne suka haƙa ramukan, suka dasa, suka tsare dashen daga dabbobi. Ina yaro na ga mahaifina yana alwala a gindin wani ƙaramin dashe, domin ruwan da ya zuba daga gaɓoɓinsa ya shayar da shi. Yau duk wanda ya bi ta Majiya zai ga jerin itatuwan nan sun yi tsawo, hatsi na girma a tsakaninsu. A Keita kuma, daga 1984, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka yi aikin farfaɗo da faƙo da tsaunuka. Mata ne suka fi yawa a aikin. Da kawunansu suka ɗauki duwatsun da aka jera don tare ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa a inda aka ɗebe tsammani. Waɗancan mutane ba su kai mu karatu ba, ba su kai mu kuɗi ba. Sun bar mana inuwa. Na tambayi kaina: ni me nake shirin bar wa ƴaƴana a bayan katanga?

Na tara iyalina, muka yi magana, muka ɗauki wasu abubuwa ƙanana da muke iya riƙewa. Ina faɗinsu ne don wani ya ɗauki wanda ya dace da gidansa.

Mun fara da ledar kanta. Uwargida ta sayi kwandon kaba biyu, nama da mai kuwa da kwano mai murfi ake zuwa sayensu. Abin kunya ne a ce ƙasar da aka san ta da tabarmar kaba ta koma ba ta iya ɗauko tumatir daga kasuwa sai a leda. Na kuma yi wa kaina alkawarin daina matse masu saƙar nan a wurin ciniki, domin matar da ta kwana biyu tana saƙa ba ta cancanci in tsaya ina ja da ita a kan dala biyar ba. Ƙasarmu ta yi doka tun 2014 da ta hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita, amma kowa na ganin kasuwa. Doka ba za ta bi mu har madafa ba, tsoron Allah ne zai bi mu. Ledar da ta shigo gidan dole, muna tara ta a buhu a ɗaure, ba ta zuwa bola, ba a kuma hura wuta da ita, domin hayaƙinta cuta ne ga mai girki da jaririn da ke bayanta. Sharar da ke ruɓewa, da toka da kashin dabbobi, rami muka yi musu, kafin damina a kai gona.

Sai ruwa. Anas ɗan Malik ya ba da labarin cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i. Mudun nan cikin tafin hannu biyu ne na matsakaicin mutum, bai kai lita ɗaya ba, sa'i kuwa mudu huɗu ne. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid a zaure ya san ta ƙidaya ƙarancin ruwa tare da kyautata wanki cikin sunna, ta kuma zargi wuce iyaka. Na auna butata na ga ina ƙarar da ninki uku na haka, ina zaton tsarki nake ƙarawa. Yanzu rabin buta ke isa ta. Inda muke alwala a gida mun dasa zogale da lemun tsami, ruwan na gangara musu, kamar yadda na ga mahaifina yana yi. Ganyen zogalen har maƙwabta ke aikowa a tsinka.

Sai itace. A gonarmu na hana a tumɓuke kututturen sabara da kalgo da ke tohowa. Ana zaɓar rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran. Wannan shi ne sassaben zamani da ya bazu daga yankin Maradi tun shekarun 1980, wanda ya mayar da itatuwa a miliyoyin eka na gonakin ƙasar nan ba tare da an sayi dashe ba. Gawo kuwa ba mai taɓa shi. Dubi hikimar Allah a kansa: yana zubar da ganye da damina, lokacin da hatsi ke son rana, ya yi ganye da rani, lokacin da dabba ke neman inuwa da abinci. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi, sadaka ce gare shi. Sayyidina Abubakar ma, da zai tura runduna Sham, ya hana su sare itace mai ƴaƴa, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. In an hana mayaƙi a ƙasar abokan gaba, mai gatari a gonar ubansa ba shi da hanzari. Ranar 3 ga Agusta, da ake bikin ƴancin kai da dashen itace, kowane yaro a gidana yana da dashensa, kuma shi zai shayar da shi har rani ya wuce, domin dasawa ba ta da wuya, reno ne aikin.

Na ƙarshe shi ne abinci. A Suratul A'arafi, aya ta 31, Allah Ya halatta mana ci da sha, Ya hana mu ɓarna. Mu da iyayenmu suka ga yunwar 1984, muka ga ta 2005 da idonmu, bai kamata tuwo ya kwana a bolarmu ba. Yanzu ana auna girki da yawan masu ci. Abin da ya saura a yi ɗumame, ko a ba almajiri tun yana da kyau, ba sai ya yi tsami ba. Kuma duk lokacin da za a ɗebi hatsin girki, uwargida tana cire dintsi ɗaya ta zuba a wata tukunya. Ba ma jin raguwarsa a cikinmu, amma kafin wata ya ƙare ya haura tiya. Ranar Juma'a yara ke kai shi gidan da muka san ana bukata, don hannunsu ya saba da bayarwa. Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya umurci Abu Zarri ya yawaita ruwan miyarsa ya tuna da maƙwabtansa. Wannan umurni bai jira sai mutum ya yi arziki ba.

Ba zan ce mun gama gyaruwa ba. Har yanzu wani lokaci yaro kan dawo daga aike da leda a hannu, ni ma nakan manta kwando. Maƙwabci ɗaya ya bi mu, ɗaya yana ganin abin wasa ne, kuma bolar ba ta tafi duka ba. Amma akuyar da ke gidan Inna ta haifi tagwaye, kuma ranar da jikanta ya kawo mana ƙwaryar nono na ji abin da ban ji ba ranar da na ciyar da taron suna.

Roƙona gare ku, ƴan'uwa, wanda zai yi suna ko walima ko sadakar mamaci ya tambayi kansa inda ledar za ta kwana bayan an shafa fatiha. Kwamitin masallacinmu kuma ya duba inda ruwan alwalarmu ke tafiya. Mutum ɗari suna alwala sau biyar a yini, ruwan na kwanciya a hanya yana tara sauro, alhali zai iya rayar da itatuwan da jikokinmu za su yi sallar Juma'a a inuwarsu.

Allah Ya yafe mana haƙƙoƙin da muka sani da waɗanda ba mu sani ba. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka dasa muka sha inuwa, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, ina roƙon malamanmu su gyara mini.