Kunne Ya Girmi Kaka

Akwai wata al'ada da ta shigo mana a 'yan shekarun nan, mu ɗaliban da neman ilmi ya raba da gida ya kawo kudancin ƙasar nan, wadda muke ganin ta cancanci a ce wani abu game da ita. Al'adar kuwa ita ce ta sauraron littafi maimakon karanta shi da ido. Littattafan da muka fi ɗaukar lokaci a kansu su ne dogayen labaran almara na Turawa, irin waɗanda ke cike da sarakuna da matsafa da dodanni da ƙasashen da babu su a taswirar duniya. Wani gwani ne yakan zauna gaban na'ura ya karanta littafin tun daga shafin farko har na ƙarshe, ba tare da ya tsallake ko kalma guda ba, a ɗauki muryarsa, mu kuma mu zuba a wayoyinmu, mu sa abin sauraro a kunne, mu bi shi duk inda ya nufa.

Asalin wannan abu dai don makafi aka ƙirƙiro shi. A shekarun 1930 aka fara ɗaukar karatun littattafai a faifan garmaho a Amurka da Ingila, kuma daga cikin waɗanda aka yi dominsu a Ingila har da sojojin da suka rasa idanunsu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, sai masu ido ma suka shiga sahu. To amma kaset ɗaya yawanci ba ya wuce awa guda ko awa ɗaya da rabi, don haka babban littafi sai ya ci kaset masu yawa, kuɗinsa ya yi tsada. Wannan ne ya sa masu sana'ar suka riƙa datse littattafai, su ɗauki ƙashin labarin su zubar da sauran. Zuwan intanet da kamfanoni irin su Audible, wanda aka kafa a 1995, shi ya kawar da wannan uzuri, domin yau ƙaramar waya tana iya ɗaukar abin da a da sai an cika kwali da shi.

Tsawon waɗannan karatuttuka abin a tsaya a duba ne. Littafin J.R.R. Tolkien mai suna The Lord of the Rings, wanda ya fito cikin juzu'i uku a 1954 da 1955, Rob Inglis ya karanta shi cikakke a 1990, kuma saurarensa yakan ci sama da awa 50. Andy Serkis ya sake karanta shi a 2021, nasa ya haura awa 60. Shi kuwa The Wheel of Time, wanda Robert Jordan ya fara fitarwa a 1990, ya rasu a 2007 bai gama ba, Brandon Sanderson ya ƙarasa shi a 2013, juzu'i 14 ne, kuma karatun da Michael Kramer da Kate Reading suka yi masa ya zarce awa 400. Wanda ke sauraron awa guda kowace rana zai shekara bai ga ƙarshensa ba.

A nan ne abokan karatunmu da ba su shiga wannan harka ba sukan tare mu da tambaya. Sukan ce ina ɗalibi mai jarrabawa a gabansa ya ga awa hamsin da zai ba tatsuniya? Wasu ma sukan ƙara da cewa wannan lalaci ne, ai gani ya kori ji, in da gaske muke mu ɗauki littafin mu karanta. Tambayar tana da nauyi, ba kuwa za mu yi mata riƙon wasa ba. Amsa ta kusa ita ce, mafi yawan sa'o'in nan daga lokacin da ido ba shi da amfani ga littafi muke tsinto su: lokacin wanki, da layin ɗiban ruwa, da daren da aka ɗauke wuta ɗaki ya yi duhu, da doguwar tafiyar safa zuwa gida idan an yi hutu, wadda mutum kan wuni ya kwana a hanya. Sai dai akwai wata amsar da ta fi wannan, wadda sai da muka daɗe muna sauraro kafin ta bayyana gare mu.

Ido ɓarawon hanya ne. Duk wanda ya taɓa riƙe littafi mai shafi dubu ya san yadda ido ke yi idan ya iso inda marubuci ya tsaya siffanta daji, ko ya kawo doguwar waƙa, ko tarihin wata masarauta da ta shuɗe. Sai ya zame, ya dira inda aka zare takuba. Kunne ba ya iya wannan sata cikin sauƙi. Mai karatu yana tafiya da takunsa, mu kuma dole mu jera da shi. Idan Frodo da Sam suka yi kwanaki suna ratsa fadama da duwatsu cikin yunwa, mu ma sai mun yi sa'o'i tare da su. Inglis har rera waƙoƙin littafin yake yi da murya, waƙoƙin da da yawa daga cikin masu karatu da ido ba su taɓa bi har ƙarshe ba. Saboda haka lokacin da aka iso bakin dutsen wuta, gajiyar tafiyar tana jikinmu, kuma abin da ya faru a can yakan sauka a zuciya da nauyin da taƙaitaccen labari ba zai iya ba shi ba.

Misali guda zai isa ya nuna abin da datsewa ke cinyewa. Bayan an hallaka zoben, saura babi shida cur littafin ya ƙare. A cikinsu ne matafiyan suka koma gida suka tarar an sassare itatuwan ƙasarsu, azzalumai sun kafa mulki a kan danginsu, sai da suka sake ɗaura ɗamara. A nan ne kuma aka ga Frodo ya ceci ƙasar amma ya kasa samun natsuwa a cikinta. Fim ɗin Peter Jackson na 2003 ya bar wannan yaƙi na gida, kamar yadda na 2001 ya bar Tom Bombadil, wanda wasan rediyon BBC na 1981 mai tsawon awa 13 shi ma bai sa shi ba. Ba mu ga laifinsu ba, kowace sana'a da ma'auninta. Amma mu da muke komawa gida sau ɗaya ko biyu a shekara, mu tarar an rushe wani gida, wani tsoho ya kwanta dama, ƙannenmu sun girma ba mu sani ba, waɗannan babi shida sun fi yi mana magana fiye da duk yaƙe-yaƙen da suka gabace su.

Ba kuma bisa kuskure littafin ya dace da kunne ba. Tolkien yakan karanta babin da ya rubuta a bayyane ga abokansa a Oxford, cikinsu har da C.S. Lewis, kafin a kai ga bugawa, kuma a 1952 ya ɗauki muryarsa yana karanta wasu sassa a rikodar wani abokinsa. Jimlolin an gwada su a baki kafin su shiga takarda.

Duk da haka, sauraro yana da nasa farashin. Mai karatu tafinta ne da ya tsaya tsakaninmu da marubuci, shi ke zaɓar inda za a ɗaga murya da inda za a yi shiru, shi ke ba kowane mutum harshensa. Roy Dotrice, wanda ya karanta A Game of Thrones na George R.R. Martin, ya shiga kundin Guinness saboda muryoyi 224 da ya yi a littafin. Wannan gwaninta ce, amma da zarar muryar da ya ba wani ta zauna a kunne, da wuya mu sake ƙago tamu. Haka kuma babu taswira a gabanmu, komawa baya neman wani suna aiki ne, kuma barci yakan sace mutum ya farka ya tarar an ci gari biyu ba ya nan. Akwai kuma maɓallin da ke ninka saurin karatu, wanda shi ne tsohuwar satar ido ta dawo ta ƙofar baya. Shawararmu ita ce a bar shi inda yake, sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ya fi ba mu tunani, a matsayinmu na ɗaliban Hausa, shi ne cewa wannan baƙon ɗan gida ne. Magana Jari Ce na Abubakar Imam an gina shi ne a kan aku mai ba Musa labari domin ya hana shi fita, wato littafi ne game da mai sauraro. Gandoki da Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi duk almara ce mai daɗin faɗa da baki. Bugu da ƙari, rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa yaron da ya tashi a nan kudu yakan iya haɗa baƙaƙen amma ya karya kalmar. Murya ce kaɗai ke riƙe wannan ɓangare na harshe. Akwai masu karanta littattafan Hausa a rediyo da YouTube, kuma sun yi ƙoƙari, amma aikin yana buƙatar hannun masana.

Don haka muna kira ga sashenmu da ya nemi izinin masu haƙƙin mallaka, ya zaɓo masu zaƙin murya da ingancin furuci daga cikin malamai da ɗalibai, a fara da littafi guda, a karanta shi cikakke, da gabatarwarsa da waƙoƙinsa da duk wani zance da ake ganin ya yi tsawo. Ɗaki marar hayaniya da na'urar ɗaukar magana mai kyau sun isa a fara. Idan har Turawa za su zauna awa ɗari huɗu suna sauraron labari guda, ba zai gagare mu ba mu ba aku 'yan sa'o'in da yake buƙata ya gama nasa.