Birkin Faifai a Tayar Bayan Tsohon Babur

Lokacin da kamfanin Honda ya fara sayar da CB750 a shekarar 1969, abin da ya fi jan hankalin jama'a, bayan injinsa mai silinda huɗu, shi ne wani faifan ƙarfe da ke manne da tayar gaba. Shi ne babur na farko da aka ƙera da yawa ɗauke da birkin faifai mai aiki da mai. Sai dai duk wanda ya zagaya bayan babur ɗin zai tarar da tsohon birkin ganga, irin wanda aka sani tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, da sandarsa ta ƙarfe da notin ɗaurewa a ƙarshenta. Injiniyoyin da suka yi ƙarfin halin sauya gaba sun bar baya yadda suka same ta, kuma ainihin jerin wannan babur, wanda ake wa laƙabi da harafin K, ya ci gaba da fitowa da ganga a baya har zuwa 1978.

Yau, bayan fiye da shekara hamsin, masu irin waɗannan babura a Amurka da Ingila da Jamus da Japan sukan dubi gangar nan su ga kamar aikin da aka bari ba a ƙarasa ba. Sai su shiga neman kayan da za su mayar da ita faifai. Tunanin yana da saukin fahimta: faifai ne sabo, shi ke kan baburan tsere, saboda haka dole ya fi tsayar da babur. Kafin a ɗora abin yanka ƙarfe a kan firam ɗin da babu mai sake ƙera irinsa, ya kamata a auna wannan "dole" ɗin.

Birkin ganga kwano ne na ƙarfe da ke juyawa tare da taya. A cikinsa akwai takalma biyu masu lanƙwasa. Idan aka taka feda, sanda ta ja wani ɗan hannu, hannun ya murɗa wani ƙarfe mai kusurwa, shi kuma ya buɗe takalman su dafe bangon kwanon daga ciki. Yana da wata baiwa: juyawar gangar kanta tana jan ɗaya daga cikin takalman ya ƙara mannewa, don haka da ɗan ƙarfi kaɗan ake samun kamu. Aibinsa zafi ne. Zafin yana taruwa a rufe, ganga ta buɗe ta yi nesa da takalman, feda ta yi ta nutsewa birki yana raguwa. Faifai kuwa a fili yake, iska na dukansa. Wani ƙarfe mai kama da awartaki ne ke matse shi daga ɓangarorin biyu da ƙarfin man birki, kuma yana daidaita kansa yayin da fatunsa ke cinyewa. A kan doguwar gangara, ko a filin tsere inda ake taka birki ba hutawa, faifai ya yi wa ganga fintinkau. Wannan babu gardama a kansa.

Gardamar tana wajen taya. Birki juyawar taya kawai yake tsayarwa. Abin da ke tsayar da babur shi ne riƙon da roba ta yi wa kwalta, riƙon kuma gwargwadon nauyin da ke danne tayar ne. Da zarar mahayi ya kama birki, nauyinsa da na babur sai su zube gaba. Tayar gaba ta ƙara dannuwa ta ƙara riƙo, ta baya ta yi sakayau. Shi ya sa masu koyar da tuƙi ke cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na tsayawa daga gaba yake zuwa, a kan gajeren babur mai ƙarfin birki ma tayar baya takan ɗaga sama ɗungurum. Lafiyayyiyar ganga ta riga ta isa ta kulle tayar bayan CB750 a kan busasshiyar kwalta. Birkin da ya iya kulle taya ya kai iyakar abin da tayar za ta bayar, duk ƙarfin da aka ƙara masa bayan nan sai dai ya sa kullewar ta zo da wuri.

Kullewar tayar baya kuwa ba ƙaramin abu ba ne. A 1981 aka fitar da rahoton binciken da Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya jagoranta, inda aka bi diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Anjeles. Cikin abubuwan da suka gano akwai cewa yawancin mahaya, idan haɗari ya tunkaro, sukan danne birkin baya fiye da kima har taya ta zame, su kuma kasa kama na gaba yadda ya kamata. Ƙafa ba ta da ladabin yatsu, musamman a cikin takalmi mai kauri da kuma firgici. Tayar da ta kulle ba ta da alƙibla, sai bayan babur ya fara karkacewa gefe. Idan mahayi ya saki feda a daidai wannan lokaci, tayar takan cafki kwalta farat ɗaya, babur ya miƙe da ƙarfi ya cilla shi sama. Mutumin da ya ƙara wa birkin baya kaifi da niyyar tsare ransa yana iya zama ya matso da wannan ranar kusa.

To me ya sa kamfanonin da kansu suka koma faifai a baya? Wani ɓangare na amsar yana cikin dokar Amurka. Baburan Ingila irin su Triumph da Norton suna da giya a ƙafar dama, birki a ƙafar hagu. Hakan ya dace da ƙirarsu, domin kacar da ke juya taya tana hagu, gangar birki ma tana hagu a haɗe da farantin haƙoran kacar, sanda ta miƙe daga feda zuwa ganga babu kwana. Sai hukumomin Amurka, wadda ita ce babbar kasuwarsu, suka wajabta cewa sababbin babura su zo da giya a hagu, birkin baya a dama. Feda ta koma dama, ganga tana hagu. Ana iya ratsa da ƙarfe ta ƙarƙashin firam a haɗa su, amma tiyon mai ya fi sauƙin bi da duk inda aka ga dama. A 1975 Norton Commando Mk3 da Triumph Trident T160 suka fito da giya a hagu da faifai a baya lokaci guda, Bonneville T140 ta bi sahu a ƙirar 1976. A shekarar 1975 ɗin ne kuma Honda ta sa faifan baya a CB750F da Gold Wing, daga nan abin ya zama alamar babur na zamani, wanda mai saye ke dubawa a ɗakin nuni kafin ya tambayi farashi.

Wasu ma sun je sun dawo. BMW ta sa wa R100RS faifan baya a ƙarshen shekarun 1970, amma da ta sake fito da shi a tsakiyar shekarun 1980 da sabon tsarin hannu ɗaya a baya, ganga ta mayar. Yamaha SR400, wanda aka fara a 1978, ya yi bankwana da kasuwar Japan a 2021 yana ɗauke da ganga a baya. Waɗannan kamfanoni ba su rasa faifai a rumbunansu ba.

Shi kansa aikin sauyawar ya fi yadda hotunan masu tallar kaya ke nunawa. Ganga ita ce cibiyar tayar, don haka babu wurin ɗaura faifai a jikinta. Sai an samo wata cibiya, ko dai a ɗauko taya sukutum daga wani babur, ko a sake saƙa wayoyin rim a kan sabuwar cibiyar. Daga nan lissafi ya fara. Kaurin sandar da taya ke juyawa a kanta dole ya dace da boris. Tayar dole ta zauna daidai tsakiyar babur, farantin haƙoran baya kuma ya yi layi ɗaya da na gaba, in ba haka ba kaca za ta riƙa cin gefe har wata rana ta yi tsalle. Biyan waɗannan buƙatu biyu a lokaci guda shi ke kai mutum wurin mai injin sassaƙa ƙarfe, a yanka masa zobban tazara da awon da bai wuce kuskuren rabin milimita ba. Akwai kuma robobin da ke cikin cibiya masu shanye fizgar injin; wanda ya zaɓi cibiyar da ba ta da su, akwatin giyarsa ne zai biya bashin a hankali.

Sai mazaunin awartakin. Duk ƙarfin da birki ya kama yana ƙoƙarin juya awartakin tare da faifai, don haka dole a tokare shi da sanda ko da wani tudu da aka yi wa walda a hannun da ke riƙe da taya. Idan wannan tokari ya karye ana cikin gudu, awartakin zai zagaya ya tsinke tiyo, ko ya cusa kansa cikin wayoyi ya kulle taya. Nan ne wurin da walda ta gefen titi ba ta da hurumi. Kuma tunda ana ja da taya baya duk lokacin da za a ɗaure kaca, mazaunin dole ya riƙa tafiya tare da ita. Bayan wannan ga famfon birkin, wanda babu gurbinsa a firam ɗin asali, sai an ƙera masa kunne an manna. Ga ɗan kofin mai da ke son wuri nesa da zafin salansa. Ga makunnin fitilar birki, wanda a da sandar ganga ke ja, yanzu sai an sa mai aiki da matsin mai.

Inda aka fi yin kuskure shi ne girman fistin. Ƙarfin matsi ya dogara ne da yadda faɗin fistin awartaki ya ninka na famfo. A ɗauki awartaki mai fistin milimita 38. Da famfo mai milimita 14, ninkin ya kai kusan 7.4; da mai milimita 12, ya haura 10. Bambancin milimita biyu kacal ya ƙara ƙarfin kamu da fiye da kashi ɗaya bisa uku, a taka guda. Ƙaramin famfo yana ba da feda mai laushi da doguwar tafiya da kamu mai yawa. Babba yana ba da feda mai tauri kamar an taka dutse, wadda ba ta gaya wa ƙafa komai. Tsawon fedar da girman faifan su ma suna cikin lissafin. Kamfani yakan gwada waɗannan a fili kafin ya saki babur. Mai haɗa kayan babura uku a garejinsa yana gwadawa ne da jikinsa. Gogaggun masu wannan aiki sukan zaɓi ƙaramin faifai da gangan, su nemi birkin da za a iya taka shi kaɗan-kaɗan a cikin kwana ba tare da ya cije ba.

Ba a ce faifan baya ba shi da riba ba. Kamunsa ɗaya ne yau da gobe, ba ya buƙatar a riƙa ɗaure noti, kuma ana ganin cinyewar fatunsa da ido ba sai an kwance taya ba. Wanda ya ƙara wa injinsa ƙarfi yana shiga tseren tsofaffin babura, ko mai yawo a tsaunukan Turai da fasinja da akwatuna, yana da hujja, domin nauyi a baya yana ba tayar baya aikin yi na gaske, zafi kuma yana taruwa. Mai karatu a Kano ko Maraɗi ya san wannan ba sai an zana masa ba: Boxer ɗin da ya ɗauko mutum biyu da buhun masara birkin bayansa ba ado ba ne. Amma ko shi da ganga yake aiki, don tana rufe daga ƙura da taɓo, kuma kowane bakanike yana iya gyara ta da sifana ɗaya. Faifai yana zuwa da nasa hidimar. Man birki irin DOT 4 yana shan danshin iska, tafasarsa tana iya sauka daga digiri 230 zuwa wajen 155, shi ya sa ake son canza shi duk shekara biyu. Yana kuma cin fenti idan ya ɗiga. Babur ɗin da ke kwana wata shida a rufe, kamar yadda yawancin tsofaffin nan ke yi, fistin awartakinsa ya fi saurin cijewa fiye da sandar ganga.

Sau da yawa abin da ke tura mutum neman faifai gangar da aka yi shekara talatin ba a buɗe ba ce. Fatun takalman sun ƙone sun yi santsi kamar tangaran, ko gam ɗin da ke riƙe da su ya tsufa, wanda shi kansa haɗari ne domin fatar da ta ɓalle tana iya kulle taya. Ƙarfen da ke buɗe takalman ya bushe babu giris, gangar ta ɗan kauce daga da'ira, hannun birkin ya wuce kusurwar da yake da ƙarfi. Sababbin takalma da aka goge su dace da bangon gangar, da tsabtacewa, da daidaita hannu, sukan dawo da birkin da mai shi bai taɓa sanin babur ɗinsa na da shi ba. Sai dai a kiyaye ƙurar ciki: tsofaffin fatun suna iya ƙunsar asbestos, wanda shaƙarsa ke lalata huhu, don haka a jiƙa a goge, kada a hura. Kuɗin da ya rage ya fi amfani a kan sababbin tayoyi da gyaran birkin gaba, inda yawancin tsayawar take.

Akwai kuma abin da ba ya dawowa. A Jamus sauyin birki sai hukumar gwajin ababen hawa ta amince a rubuce, kuma lambar musamman da ake ba abin hawan da ya shekara 30 tana buƙatar ya kasance bisa yanayin zamaninsa. A Ingila kamfanin inshora yana son a sanar da shi. Masu sayen tsofaffin babura kuwa suna biyan kuɗi ne don asali, kuma firam ɗin da aka yanke wa kunne aka yi wa sabuwar walda ya fita daga wannan sahu. Saboda haka masu lura, idan sun ƙudura sai sun yi, sukan sayi wani hannun riƙe taya na daban su yi aikinsu a kansa, su ɗaura mazaunin famfo da noti a ramukan da ke akwai, sannan su shafa wa tsohuwar tayar da gangarta da sandarta mai, su naɗe su ajiye a kan kanta.